Kan Beryl da Wutsiyar Wilf

Maƙwabciyata Beryl Gollop ita kaɗai ce a garin Lyme take tsaki idan gari ya yi kyau. Ita dai a kwana ana ruwa da iska, teku ya daki gaɓa, gaɓar ta zaftare. Gaɓar tamu hawa-hawa take, farin dutse kan baƙar laka, baƙar laka kan farin dutse, duk taɓon ƙasan teku ne da ya daskare shekara kusan miliyan ɗari biyu. Duk lokacin sanyi sai ta amayar da ƙasusuwan da ta binne, kuma a ƙa'idarmu wanda ya tsinta shi ke da abu.

A haka Beryl ta tsinci kan wata dabbar ruwa mai dogon baki kamar na kada. Bayan sati biyu Wilf Hodder, tsohon masunci, ya tsinci wutsiya a wurin. Ta ce ya ba ta, ya ce ta ba shi. Shekara goma sha tara ba sa ga-maciji, kowa na jiran gaɓa ta saki gangar jikin. Ni kam kunnena ya sha ƙorafi.

Wata safiya Beryl ta hango gangar jikin, haƙarƙari reras a jikin falalen dutse. Ta ja, ko gezau. Ga ruwa ya fara dawowa, in ya rufe wurin sai dai labari. Ta duba gabas da yamma, ba kowa sai Wilf.

"Kai tsohon banza! Zo ka kama mini!"

"Au, yau kin san da ni?"

"Ba don halinka ba. Kama, kafin teku ya raba mana gardama."

Suka mirgina dutsen kan katako suka ja, ruwa har gwiwa, suna zagin juna.

A teburin kicin ɗinta aka haɗa kai da gangar jiki da wutsiya, bayan Wilf ya ɗauko wutsiyar naɗe cikin bargo. Komai ya zauna daram, kamar jiya aka raba su. Beryl da ban taɓa ganin hawayenta ba ta fashe da kuka.

"To, ɗauki wutsiyarka," in ji ta tana jan hanci.

"In sake raba ta? Allah ya kiyaye. Ajiya na ba ki."

Tun daga ranar, kullum ƙarfe huɗu sai ya ƙwanƙwasa ƙofa wai ya zo duba wutsiyarsa. Beryl ta yi tsaki ta ce ya cika naci, alhali tun uku da rabi ta jera kofin shayi biyu.