Kwatar Fatakwal da Fadamar Gidanmu

Liman na sallame sallar asuba muka tashi daga sakatariyar ƙaramar hukumarmu, gari bai gama wayewa ba. Ni ne ƙarami a tawagar, ɗan ƙaramin ma'aikaci a sashen noma, kuma sai da na yi magiya aka sa ni a tafiyar. Bari in fara gaya muku abin da ya kai mu Kudu, don ku gane dalilin da har yau raina bai huce ba.

Garinmu a bakin kogi yake. 'Yan shekarun nan ruwa ya rikice mana. Ko ya makara shuka ta ƙone, ko ya zo a haukace ya shafe gonaki, saboda ciyawar kacala ta toshe hanyoyin da ya saba bi. Samari suka watse cirani, da yawa suka daina dawowa ko da damina. Sai ga tallafi ya zo wa ƙaramar hukuma: za a ɗauki matasa aikin yashe hanyoyin ruwa, kuma duk matashin da ke da fadama za a ba shi injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. Sharaɗi ɗaya ne, mutum ya zo da ƙafarsa kafin ruwan shuka ya sauka. Shi ne aka tura mu Inugu da Anaca da Fatakwal mu kira 'yan cirani gida.

Ni ɗan ciranin da ya dame ni ɗaya ne, yayana Sabi'u. Damina biyu rabonsa da gida, wayarsa ta daina shiga, matarsa Hajara tana zaune da Innarmu. Shi ke riƙe da fadamar gidanmu, ni kuwa ma'aikaci ne, ba na cikin waɗanda za a ba. In bai zo ba, injin ya wuce mu. Da zan fito Hajara ta leƙo ta ce, "Ƙanin miji, ka ce masa ko bai yi kewata ba ya zo ya ga yadda ka ƙara muni." Na yi dariya, amma na ga idonta.

Ni littattafan soyayya ne suka raine ni, ba na ɓoyewa. Tun daga Bauchi nake zana yadda abin zai kasance: zan hango shi a cikin taro, ya hango ni, mu rungume juna, ya tambayi Hajara da muryar da ke rawa. Har kalaman da zan faɗa na tsara.

Hanya kam ta nuna mana halinta. Jos ta tarbe mu da sanyi da dankali, gangaren Akwanga ya sa kowa salati, shingayen hanya kuwa sai ka rantse gado aka raba wa masu su. Abin da ya fi cin raina shi ne yadda ƙasa ke ƙara yin kore muna gangarawa. Mun baro gida ƙasa na ƙuna, ga nan ciyawa har tana hawa kan kwalta. A Makurɗi muka kwana. Doya tsibi-tsibi a bakin titi, amma kwanon sakwara ɗaya ya ci abin da zai ciyar da ni yini guda a gida, direbanmu ya ce gara ya yi azumin nafila.

Inugu gari ne mai tuddai da jar ƙasa. Da safe na ci wani abu da suke kira okpa, an naɗe shi a ganye da zafinsa, sai da na cinye aka gaya min gujjiyarmu ce aka niƙa. Ƙarfe goma aka yi taro a wani zaure a Asata, kusa da kasuwar Ogbete. Dattawan Hausawan garin suka zo da manyan riguna, aka yi gaisuwa irin ta da, wadda ko a gida an fara mantawa da ita. Na bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Dillalan shanu ne, da masu shaguna, da 'ya'yansu haifaffun Inugu. Shugaban tawagarmu ya karanta jawabi mai tsawo a kan sauyin yanayi. Da ya gama, wani saurayi mai agogo mai ƙyalli ya ɗaga hannu ya ce, "Oga, wannan fadama ɗin da kake ta faɗa, na wetin? Mece ce ita?" Aka yi dariya, aka ɗauki hoto, aka sha lemo.

Wani dattijo da ya ga ina ta waige-waige ya jawo ni gefe. Ya ce, "Ɗana, waɗanda kuke nema tun asuba suka fita. Mai tura baro ba ya zuwa taron hantsi. In kuna son su, ku same su a masallaci ana idar da sallah." Na kai wa shugaba wannan magana da ladabi. Ya dube ni ya ce tsarin tafiya daga sama aka aiko da shi, kuma ba a tara manyan mutane da asuba.

Da yamma na hau acaɓa, wanda nan okada suke ce masa, na tafi Abakpa Nike, inda na san Yaya ya fara sauka. Unguwa ce cike da masu talla da 'yan mota. 'Yan cirani ba sa ɓata, kowane ƙauye yana da teburin mai shayinsa. Na sami namu. Mai shayin ya cika min kofi, ya hana ni biya, ya ce Sabi'u ya daɗe da komawa Anaca wajen dako.

A hanyar Anaca na ga mutanen can ma ruwa bai ƙyale su ba. Zaizaya ta tsaga ƙasa, kwazazzabo ya ci rabin titi, ga wani gida rataye a baki kamar mai shirin faɗawa. Bakin gadar Neja, inda suke kira Head Bridge, hayaniya ce da ban taɓa jin irinta ba: manyan motocin albasa da tumatir daga Arewa, masu baro suna ihun a ba su hanya, warin busasshen kifi. Kogin kuwa shimfiɗe yake da faɗinsa. Na ce a raina da Hajara za ta ga wannan ruwa.

Nan ma taron ƙarfe goma aka yi, da irin mutanen jiya, da jawabin jiya. Abin da ya ƙona min rai, ta tagar zauren ina hango yaranmu, buhu a wuya, suna hawa katako suna sauka daga mota. Tsakaninmu da su bai fi jifa ba. Ana magana a kan matasa, matasan suna waje suna zufa, ba wanda ya ce a leƙa a kira ko mutum ɗaya. Na bar zauren ana tafi. Da azahar na tsaya sahu da su, na sami wani ɗan unguwarmu. Ya ce bayan Yaya ne ya fara ciwo, ya bar dako ya tafi Fatakwal, yana yasar kwata. Ya kwatanta min masallacin da suke sallah.

Fatakwal da ruwa ta tarbe mu, tituna sun zama rafi. Farar rigata ta yi ɗigon baƙi saboda hayaƙin da ke sauka a garin. Na ci gasasshiyar ayaba da kifi da manja a bakin titi, na yarda da daɗinta duk da ɓacin rai.

Washegari na yi asuba a masallacin da aka kwatanta min, wani ɗan gini mai rufin kwano a bayan kasuwa. Maƙil yake da samari, fuskokin da na sani da waɗanda na san iyayensu. Ana sallamewa kowa ya ɗauki shebur ko baro. Na tambaye su Yaya, suka nuna min wani layi. A can na same shi, cikin kwata har ƙugu, yana kwaso baƙin taɓo da robobi yana jefowa waje, don kada ruwa ya shiga gidajen masu unguwar. Aikin da muka zo kiransa ya yi a gida, shi yake yi wa wasu a nan.

Babu runguma. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Kai, malamin soyayya, wa ya mutu?"

Na ce ba kowa. Na ce Inna tana gaishe shi, Hajara ma. Ya sunkuyar da kai. Sannan na zayyana masa komai, aikin yasa da injin da sharaɗin. Sauran samarin garinmu suka matso suna ji.

Ya ce, "Wancan karon ma haka aka ce mana a rediyo, za a gyara madatsa. Na koma na yi shuka, ruwa ya ɗauke. Na sake, ambaliya ta cinye. Ba wanda ya zo ko jaje. Kai ƙanina ne, ba za ka yi min ƙarya ba, amma kai ba kowa ba ne a ofishin nan. Shugaban naku yana ina?"

Na ce yana otal, ba nisa.

Ya ce, "To kira shi. Ya zo nan ya faɗa da bakinsa a gaban waɗannan. Wallahi in ya zo, yau zan wanke jikina in bi ku." Wani daga baya ya ce, "Mu ma haka." Suka jingine shebur suna jira.

Na kira shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga su nan na same su, sun fi ƙarfin cika zauren taro, mutanenmu ne duka. Kalma ɗaya suke so daga bakinka." Wayar a buɗe take, kowa na ji. Ya ce bai karya ba tukuna, layin nan kuma an ce duk taɓo ne. Ya ce su zo zauren taro ƙarfe goma kamar kowa, kuma in gaya musu su sa kaya masu tsabta saboda hoto.

Ɗan cirani in ya bar aikin safe ya rasa yinin, gobe kuma ya tarar an ba wani wurinsa. Duk wanda ya taɓa zama da su ya san haka. Ba wanda ya yi zagi. Yaya ya yi 'yar dariya, ya ce, "Ka ji ko? Ka gaida Inna. Ka ce wa Hajara ta yi haƙuri, ina nan tafe in Allah ya so." Ya karɓi lambata ya rubuta a bayan hannunsa, ya koma cikin kwata. Na tsaya a wurin har sai da wata mata ta ce in matsa mata hanya.

Ban je taron ƙarfe goma ba. An ce ya yi armashi.

Muka kamo hanyar gida. Muna wuce Bauchi hadari ya haɗo ta gabas, kafin mu isa gida ruwan shuka ya sauka, ƙamshin ƙasa ya cika motar. Ƙamshin da nake jira duk shekara, ranar sai da ya sa ni hawaye, don na san da shi wa'adin ya cika. Shugaba kuwa yana waya yana cewa tafiya ta yi nasara, an gana da al'umma a garuruwa uku.

Abin da tafiyar nan ta koya min ba shi da yawa, amma ya zauna min. Samarinmu ba ragwaye ba ne, kuma ba son Kudu ya riƙe su ba. Ruwa ne ya kore su, rashin amana ya hana su dawowa. Tallafi yana da amfani, na ga injinan da idona a sakatariya, sababbi fil. Amma ƙaramar hukumar da ba ta san ƙarfe nawa talakanta yake fita nema ba, ko an ba ta injin duniya ba za ta san hannun da za ta damƙa wa ba. Masu kawo irin wannan taimako, don Allah ku riƙa tambaya wa aka gani, ba taro nawa aka yi ba.

Da na shiga gida Hajara ce ta fara fitowa. Ta sha lalle hannu da ƙafa. Ba ta dube ni ba, bayana take kallo, har sai da na mayar da ƙofar zaure na rufe. Ba ta tambaye ni komai ba, ta karɓi jakata ta ce sannu da hanya.

Da gari ya waye na ɗauki sungumin Yaya muka tafi gona ni da Hajara, don ƙasa ba ta jiran kowa in ta jiƙa. Ina sara, tana biye da ni, tana zuba iri da hannun da ta yi wa lallen.