Inda Inna Ta Tsaya

Ni ne ɗan farin Inna, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. A gidanmu na Roni wannan ba abin mamaki ba ne. Ita jinin Fulani ce ta wajen uwa, kunyar ɗan fari kuwa ta riƙe ta da hannu bibbiyu. Ina yaro sunana "kai" ko "wancan". Da na samu aikin gwamnati a Dutse sai na koma "mutumin Dutse". In na zo gida ƙarshen wata na durƙusa gaishe ta, takan amsa tana kallon wani gefe, sannan ta tambayi ƙanwata ko an ba baƙo ruwa. Ƙannena sun hau cinyarta har sun yi wayo, ni kuwa ko hannuna ba ta taɓa riƙewa a gaban mutane ba. Na san al'ada ce, amma sanin bai hana abin ci mini rai ba, ga ni kuma da saurin hawa.

Bayan rasuwar Baba yanar ido ta fara rufe mata gani. Ta daina zuwa biki da suna, ta koma zaman rumfa tana sauraron kaji. Ganin haka na saya mata wata 'yar rediyo ja a kasuwar Kazaure, girmanta bai fi sabulun wanki ba, irin mai cin memori. Ba ta da allo. Madannin kunnawa ne, da na gaba, da na baya, sai wani ɗan ƙarami a gefe mai sa abu ɗaya ya yi ta maimaituwa. Shi na ce mata kada ta taɓa shi don kada ya rikita ta.

Da farko shagon masu tura waƙoƙi na kai memorin, nan kusa da tashar Kazaure. Na ce wa mai shagon na tsohuwa ne. Ya ce in kwantar da hankalina, ya san irin nasu. Da muka kunna a gida sai ga wa'azi, kafin malam ya kai aya kiɗan rawar samari ya ɓarke, bayansa kukan jariri na kiran waya. Inna ta saurara har ƙarshe, sannan ta juya wajen ƙanwata, wadda ita ma takan zo daga gidan mijinta ƙarshen wata, ina zaune kusa da ƙafarta.

"A gaya wa mutumin Dutse ni ba budurwa ba ce."

Ranar na rantse ba wanda zai sake taɓa memorin nan sai ni.

Wani abokin aikina ya saka mini wata manhaja a kwamfuta, wai ita ke jera wa mutum waƙoƙinsa. Na zuba mata abin da na tara, ta dube su, ta nemi sunan mawaƙi da sunan faifai da shekara. Ina zan samo? Waƙoƙin shantu ne da wata 'yar uwarmu ta ɗauka da waya a wani biki a Gwiwa, ana jin yara na faɗa a bayan fage. Kukuma ce da aka kwafo daga tsohon kaset, har da ƙarar juya shi. Tafsirin wani malami ne, da begen da Inna take so da hantsi, da littattafan Hausa da wata mata mai sanyin murya ke karantawa, waɗanda suka yi ta yawo daga waya zuwa waya har sunayensu suka zube a hanya, lambobi kawai suka rage. Manhajar ta tattara su duka ta jibge a wuri ɗaya ta ce ba ta san su ba. Na ce ni ma ban san ki ba, na goge ta.

Sai na koma yi da hannu. Na buɗe folda na sa mata suna "Na Inna", a ciki na buɗe ta bege, ta tafsiri, ta shantu, ta littafi. Kowane fayil sai na saurare shi kafin in san ko mene ne, sannan in raɗa masa suna irin nawa: "kukuma, ta wajen direban Babura", "babi na tara, mai tari a tsakiya", "shantu, inda akuya ta shigo". Wani babin zan same shi sau uku da suna uku, wani kuma babu shi ko sama ko ƙasa, sai na yi ta cigiya a wayoyin matan ofis. Har suka fara tsokanata wai maigida ya faɗa karatun soyayya da furfura a gemu. Ban kula su ba, in dai za su tura mini.

Na jera babobin littafin farko da lamba a gaban kowanne, na kwashe su gaba ɗaya na zuba a memori, na kai mata ina jin kaina. Da na dawo wata na gaba, ƙanwata ta tare ni tun daga zaure tana dariya. Inna kuwa fuskarta a ɗaure.

"Wannan littafi naku," in ji ta, tana magana da bango, "an yi wa mutum jana'iza da safe, da la'asar ga shi can yana neman aure."

Na ɗauki rediyon na yi ta dannawa ina huci. Daga baya na gane halinta. Ita ba ruwanta da suna, ba ruwanta da lamba. Wanda ya riga shiga memori shi take fara kunnawa, kamar layin awo a asibiti. In ka zuba su gaba ɗaya, yadda suka ga dama haka suke shiga. Ba wata dabara sai a share memorin tas, a riƙa tura su ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ya gama shiga a tura na bayansa. Haka na koma yi duk Asabar ɗin ƙarshen wata, a zaure, kwamfuta a cinya, ina korar ƙuda. Na jera mata su yadda yininta yake tafiya: tafsiri da safe, sai addu'ar Baba, sai bege, shantu bayan azahar, littafi da la'asar.

Addu'ar Baba ita ce abu mafi daraja a ciki. Ranar da za a kai ƙanwata gidan mijinta a Babura na ɗauki addu'ar da wayata, yana sa mata albarka, muryarsa na rawa, yana gyaran murya don kada a gane. Ba mu da muryarsa a ko'ina sai nan.

Matsala ɗaya ta rage. Inna ba ta gani, rediyo ba ta da allo. In ta danna gaba sau da yawa sai ta ɓace, ta rasa ko a ina take, ta kashe ta ajiye. Sai na yi tunanin in riƙa ɗaukar muryata ina sanyawa a bakin kowane sashe, kamar alamar hanya. "Inna, nan bege ya fara." "Inna, shantu ne, na bikin Gwiwa." "Inna, littafi ne, inda yarinyar ta koma gidan kawunta." Ranar da ta fara jin su ta yamutsa fuska.

"Wa ya sa mini mai shela a rediyo? Muryar ma ko daɗi babu."

Raina ya ɓaci. Na ce wa ƙanwata ta miƙo memorin in cire su yanzun nan, tunda wahalar banza nake yi.

"A bar shi," in ji Inna. "An riga an ɓata wurin."

Haka muka yi ta tafiya shekaru. Ban taɓa jin ta ce an gode ba. Iyakarta ta aiko ƙanwata ta ce a gaya wa mutumin Dutse mai karatun nan ta cika jan magana, ko kuma a tambaye shi me ya sa ake komawa farko duk lokacin da ya taɓa abin. Wannan kuwa gaskiyarta ce. Rediyon tana riƙe inda aka tsaya, ko an kashe ta, ko batir ya ƙare, tana tashi daga nan za ta ci gaba. Amma da zarar an zare memori ta manta, sai ta koma kan tafsirin farko.

Zuwana na ƙarshe na kai mata wani dogon littafi da ban samu ƙarshensa ba. Na tura abin da ke hannuna, na sa alama a inda ya yanke, na koma Dutse. A damunar nan rufin ɗakina ya yi yoyo a kan tebur, kwamfutar ta sha ruwa ta mutu da duk abin da ke cikinta. Wayar da na ɗauki Baba da ita kuwa ta daɗe da lalacewa. Ina cikin neman wata kwamfutar Inna ta kwanta. Ƙanwata ta zo daga Babura jinya, Inna ta hana ta kirana, wai kada a tayar da mutumin Dutse daga aiki a kan ɗan zazzaɓi. Ranar da aka kira ni na kamo hanya ta Kano, na iso Roni ana dawowa daga maƙabarta.

Da aka tashi zaman makoki ƙanwata ta miƙo mini rediyon a cikin ɗankwalin Inna. Na tafi da ita Dutse na sa a aljihun tebur. Nakan ciro ta in yi mata caji, in goge ta, in mayar. Ban kunna ba. Inda Inna ta tsaya yana nan a ciki, abin da kunnenta ya ji na ƙarshe, kuma na san in na kunna sau ɗaya abin zai wuce gaba, ba zan sake samun wurin ba. Nakan zauna in yi ta hasashe. Wani lokaci in ce addu'ar Baba ce, wani lokaci in ce bege. Kewarta ta dame ni fiye da yadda na zata, ni da ban taɓa samun hira da ita ta minti biyar ba. In na ga tsohuwa a bayan ɗan acaɓa ta riƙe mayafi da haƙori, sai in tsaya ina bin ta da kallo.

Ƙanwata ta fara kira. Tana son muryar Baba, 'ya'yanta ba su san shi ba. Ta ce memorin mijinta haka kawai ya mutu da zafin bazara, ba faɗuwa ba jiƙewa. Na san gaskiya ta faɗa, wannan ɗan abin da bai fi farce ba shi kaɗai ya rage mana. Amma kwafewa sai an zare, zarewa kuma ita ce share inda Inna ta tsaya. Nakan ce mata sai na zo. In ta matsa in daka mata tsawa in kashe wayar.

Da Sallah muka haɗu a Roni. Da hantsi ta same ni a rumfar Inna, ta zauna a bakin tabarma.

"Yaya, ka zo da ita?"

Na ce tana cikin jaka.

"Muryar Baba ba taka ba ce kai kaɗai. In abin nan ya mutu a aljihun teburinka, me za ka ce mana?"

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ga idonta ya kawo ruwa. Na gaya mata abin da nake tsoro. Ta ce, "To kunna mana, Yaya. Ai ba don a ajiye ta tsaya a wurin ba."

Na ciro rediyon daga ɗankwalin, na ajiye a inda Inna take ajiye ta, na danna madannin kunnawa. Ta yi 'yar ƙara, sai na ji muryata.

"Inna, ni ne. Littafin ya tsaya a nan, ban samu ƙarshensa ba tukuna. In na zo ƙarshen wata zan kawo miki. Ki riƙa cin abinci."

Na ce a raina, wato ta kai ƙarshen littafin, tana jiran saura. Na jira in ji abin da ke biye. Rediyon ta yi shiru kaɗan.

"Inna, ni ne. Littafin ya tsaya a nan."

Na duba gefenta. Ɗan ƙaramin madannin nan da na hana ta taɓawa, har jan fentinsa ya goge.

"Ita ta ce in nuna mata shi," in ji ƙanwata. "Wai don tafsiri take so, malam yana sauri. Ni kuwa tunda na zo jinya ban ji tafsiri ba. Na ce, Inna, ba kya gajiya da mai shelar nan? Ta ce hannunta ne ya kuskure. Amma duk sanda na kai hannu zan gyara mata, sai ta janye rediyon ta tura ƙarƙashin mayafi."

Muryar nan marar daɗi ta yi ta zagayowa a rumfar, tana cewa za ta zo ƙarshen wata. Na bar ta ta sake faɗa sau ɗaya, sannan na kashe, na zare memorin da farcena na sa a tafin hannun ƙanwata.

Yanzu muryar Baba tana wayar kowa a gidanmu, har jikoki sun haddace addu'ar. Ni ma na sayi wata kwamfutar, na sake buɗe folda mai suna "Na Inna", na mayar da komai mazauninsa. Ƙarshen littafin ma na same shi a wayar wata mata a ofis, babi huɗu ne. Na karɓo memorin na tura su ɗaya bayan ɗaya, a bayan alamar, yadda za su zo mata daidai.