Takobin da Baba Sumana bai samu mai shi ba

Da safen nan labarin ya same ni. Baba Sumana ya rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina buɗe shago a unguwar Yantala, ko tabarma ban shimfiɗa ba, wayata portabul ta yi ƙara. 'Yarsa ce, Hamsatu. Ta ce, "Kawu Isufu, Baba ya cika." Na ce wane Baba, alhali na san uba ɗaya gare ta.

Mun kai shi bayan azahar. Yanzu na dawo. Ƙafafuna sun yi nauyi, kaina ma haka, amma na kasa kwanciya ban rubuta wannan ba.

Ga wanda bai san shi ba, dattijo ne Bazabarme, haifaffen nan Yamai, gidansa a Kirkissoye, ƙetaren kogi. Rayuwarsa duka a kan tsofaffin makamai ya ƙare ta. Takubba, masu, wuƙaƙen hannu na Buzaye, garkuwar fata, kwari da baka, da bindigogin toka irin na kakanni da ake ɗura wa albarushi ta baki. Yana saye, yana ajiyewa, yana sayar da kaɗan. Abin da aka fi saninsa da shi kuwa, idan ka gaji wani tsohon ƙarfe ba ka san asalinsa ba, wurinsa za a tura ka.

Ni baduku ne, daga Damagaram na zo. Ta kuben takobi muka haɗu.

Ina sabon zuwa, ina ɗinkin takalma da jakunkuna a bakin hanya, ya tsaya ya daɗe yana kallon hannuna. Washegari ya dawo da wani kube da ya yage. Na ce zan cire tsohuwar fatar in sa masa sabuwa ja. Ya riƙe hannuna.

Ya ce, "Inda ya yage kawai za ki ɗinke. Tsufan kuma ki bar masa, nasa ne."

Haka Hausarsa take, ta kasuwa. In namiji ne ya ce masa ke, in mace ce ya ce mata kai. Da farko ina dariya, daga baya na daina ji ma. Bai taɓa kirana da sunana ba, Baduku kawai.

Lokacin ba ni da ɗaki, a zaurensa na kwana har na samu wuri. Ranar da matata ta haihu ya ƙetaro gada da rana tsaka, riƙe da kwanon kopto, kwaɗon zogalen nan nasu, wai mai jego ta ci. Da idona ya fara gajiya da allura, shi ya ja ni asibiti wurin lokotoro, ya zauna a benci yana jirana har aka gama.

Idan aka miƙa masa takobi ba ya saurin magana. Zai ɗora shi a tafin hannu ya ji nauyinsa, ya ƙwanƙwasa da farce ya saurara, ya sunsuni kuben. Sannan ya juya shi wajen haske yana neman tambarin maƙeri. A bindiga kuwa kunama yake fara dubawa, da wurin da ake ɗaura ƙanƙarar ƙyasta wuta.

Wata rana ina zaune wata mata ta zo daga Lamordé, mijinta bai daɗe da rasuwa ba. Ta kawo takobin da ya ce mata na yaƙin kakansa ne. Baba ya duba, ni ma daga inda nake na gane sabon ƙira ne. Na zuba ido in ga yadda zai yi.

Ya ce, "Hajiya, ƙarfen nan na mota ne, bai ga yaƙi ba. Amma maƙerin da ya yi shi gwani ne. Kuma dubi nan, wurin riƙo, yadda fatar ta yi santsi. Hannun maigidanka ne ya yi haka."

Ta daɗe tana shafa wurin. Ta naɗe abinta a zane ta yi godiya ta tafi.

Sai shekarar da kogin Isa ya cika ya shiga kartiyensu, wato unguwar Kirkissoye.

Da kwalekwale muka je. Ruwa ya kai gwiwa a ɗakin kayan. Muka riƙa fitar da abin da za mu iya, muna miƙa wa masu jirgi. Garkuwoyin fata sun sha ruwa sun kumbura, wasu suka ruɓe a hannunmu. Kwari ya narke. Takubba suka yi ja da tsatsa. Watanni ya yi zaune da tsumma da mai yana gogewa, ni kuma ina ɗinke abin da zai ɗinku.

A lokacin turis, baƙi masu yawon buɗe ido, sun riga sun daina zuwa. Sai ya buɗe ɗakin tun safe har la'asar, ba wanda ya leƙo.

Bayan ruwan nan bai koma yadda yake ba. Wata yamma muna shan shayi ya ce, "Baduku, na gaji da tsaron kayan mutane."

Na ce ai kayanka ne, Baba, saye ka yi.

Ya ce, "Yawancinsu a shekarun fari na same su. Mutum ya zo da takobin ubansa don ya kai hatsi gida. Yunwa ce ta sayar mini, ba shi ba."

Daga ranar ya shiga neman masu kayan don ya mayar musu. Bai rubuta komai ba, duk a kansa suke: wannan mashi daga wurin wane, wannan bindiga daga garin kaza. Hanyoyi kuwa kun san yadda suka zama, ba ko'ina ake zuwa ba. Sai ya riƙa zuwa tasha yana ba direbobi sallahu. Ki tambayo mini gidan wane, ki ce jikokinsa su zo.

Akwai masu sayen kayan tarihi da suka riƙa yi masa waya daga waje, suna so su kwashe duka a lokaci ɗaya. 'Yan uwansa ma sun sa baki, suka ce ga gida ruwa ya ci, ga tsufa. Ba su yi ƙarya ba. Bangon ɗakin kwanansa har yau da tsagewarsa. Amma ya ƙi sayarwa.

Ba duka ne suka yi daɗi ba. Wani saurayi ya zo ya karɓi takobin kakansa, ba a daɗe ba na gan shi rataye a rumfar wani ɗan kasuwa. Na je na gaya wa Baba da fushi. Ya ce, "Nasa ne. Wannan karon shi ya sayar." Amma ranar bai ci abinci ba, Hamsatu ce ta faɗa mini.

Wasu an aika musu sun ce me za su yi da tsohon ƙarfe. Wasu garin ma ya tashi, ba a san inda suka nufa ba.

Amma akwai dattijon da ya zo daga wajen Filinge. Baba ya ɗauko masa bindigar tokar mahaifinsa, an riga an cire mata kunama, ba ta tashi, har takardar hukuma ya nemo masa saboda jandarma a hanya. Dattijon ya ɗora ta a cinya, ya bi gindinta da yatsa har ya kai wani wuri da aka ɗaure da fata. Ya ce, "Ni na tsaga ta ina yaro, na sha duka." Sai ya yi dariya, dariyar ta koma kuka. Muka bar masa ɗakin.

Makon jiya na je gaishe shi. Shi ne ganinmu na ƙarshe.

Na tarar da shi a ɗakin kayan, zaune a kan buzu. Ɗakin ya zama fili, sai ƙusoshi a bango da inuwar abubuwan da suka taɓa ratayuwa. Ya rame ƙwarai. Ya ce ba ciwo yake ba, gajiya ce.

A gefensa akwai takobi ɗaya, na Buzaye, kuben ya rabu biyu. Ya ce wani mutum ne daga wajen Abalak ya kawo shi a shekarun nan na fari, dabbobinsa sun ƙare. Da zai tafi ya juyo ya ce, kada ka sayar, zan dawo. Sunansa Alhusaini, iyakar abin da ya sani ke nan. Ya aika direbobi har ya gaji, ba labari.

Na ce, "Baba, mutumin nan da wuya yana raye."

Ya ce, "Na sani. Amma bai ce mini ya fasa ba." Ya turo mini takobin. "Ki ɗinke kuben. Kada wani nasa ya zo ya tarar da shi tsirara."

Ya rako ni har bakin ƙofa yana dafa bango. Ya dube ni ya ce, "Baduku, ke ma kin tsufa." Na ce ai tare muka yi. Ya ɗaga mini hannu, na hau taksi.

Jiya da yamma na gama ɗinkin. Na ce yau in na tashi zan kai masa.

Ɗazu a wurin zaman makoki na gaya wa Hamsatu cewa takobin yana wurina, yaushe zan kawo. Ta ce, "Kawu, ya bar wasiyya. Ya ce ka riƙe, yanzu kai ne mai jira."

Ga shi nan jingine a bayan keken ɗinkina. Ban san Alhusaini ba, ban san 'ya'yansa ba, kuma ni ma ƙarfina ya ragu. Amma zan riƙe.

Allah Ka jiƙan Baba Sumana. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwanci, Ka hutar da shi, don wallahi ya gaji. Ka ba Hamsatu da 'yan uwanta haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a, ko da bai san shi ba. Ku haɗa da Alhusaini mutumin Abalak, ko yana raye ko ya riga mu. Ni kuma ku roƙa mini Allah Ya ba ni ikon sauke wannan amana kafin tawa ranar ta zo.