Waƙar Suna da Tsohuwar Kwamfutata

Shekarun baya, lokacin ina aiki a wani kamfanin biskit a Sharada, na kamu da ciwon kiɗa. Ina zaune a gidanmu na Na'ibawa, ɗakina na zaure, kuma a cikinsa na tara fiyano guda biyu 'yan gwanjo, babba mai muryoyin sarewa da garaya, da ƙarami wanda ganguna ne ƙarfinsa. Akwai kuma tsohuwar kwamfuta da yayana ya bar mini, da wayar da ke haɗa fiyano da kwamfuta. Abu ɗaya ya rage: manhajar da za ta riƙa ɗaukar abin da na kaɗa, ta jera shi, ta maimaita.

A nan na maƙale wata da watanni. Kullum ina intanet ina karanta gardamar mutanen da ban sani ba, wannan ya ce tasa ce sarauniya, wancan ya ce ai ta yara ce. Na san sunan kowace manhaja da aibinta, amma ko kiɗan minti ɗaya ban taɓa haɗawa ba. Wannan bai hana ni cika baki a wurin aiki ba. Duk wanda ya zauna kusa da ni lokacin cin abinci sai ya ji labarin "sitidiyona", har aka laƙaba mini Injiniya.

Cikin masu sauraron nan akwai wani abokin aikina, mutumin Nijar, wanda ya girme ni sosai. Shi ke loda katan-katan a mota, kuma bakinsa ba ya rabuwa da waƙa. Iyalinsa suna can ƙauyensu, sun daɗe da aure Allah bai ba su haihuwa ba, har mutane sun daina tambaya. Wata safiya muna canjin aiki sai ga shi ya nufo ni yana dariya, hawaye na zuba.

"Injiniya, an sauka lafiya. Mace ce!"

Na rungume shi, muka yi ta hamdala. Sai ya riƙe hannuna ya ce, "Na yi mata waƙa. Ina so in tafi da ita a sa ranar suna, da kiɗa irin na rediyo. Tunda kana da sitidiyo, ka rufa mini asiri."

Na ce, "Malam, ai wannan ƙaramin abu ne." Har yau ban san inda na samo wannan amsar ba.

Da na tashi aiki ban zarce gida ba, sai wurin wani mai sitidiyo da na sani a cikin gari. Ya ce kada in ɓata lokaci, in sa irin manhajar da manya ke amfani da ita. Ya ba ni ita, na kai gida na sa. Kyau dai ba a magana, maɓallai ko'ina kamar gaban jirgin sama. Amma kwamfutata ta fara huci kamar an ɗora mata buhun siminti. Idan na danna fiyano, sai na ɗage yatsa na gyara zama kafin sautin ya fito.

Mahaifiyata tana tsakar gida tana tsince shinkafa, tana jin komai. Ta ɗaga murya ta ce, "Kai, wannan kiɗan naka ko daga Zariya yake tahowa?"

Na ce, "Umma, ku yi mini addu'a dai."

Na gwada ta biyu da ta uku. Ɗaya ta ƙi ganin ƙaramin fiyanon gaba ɗaya, ɗayar kuma duk lokacin da aka ɗauke wuta sai ta tafi da aikina. Ga ranar suna na matsowa, ga abokina kullum sai ya tare ni a bakin get yana murmushi, yana tambaya ko ya zo.

Ina neman wata waya a cikin kwali sai na ci karo da faifan da ya zo tare da wayar haɗin nan, wanda ban taɓa ko kallo ba. Wata 'yar manhaja ce a ciki, mummuna, fari da toka kamar takardar asibiti. Na sa ta ne don babu sauran abin gwadawa. Ashe ita ba ta yin sauti da kanta. Abin da yatsuna suka danna kawai take rubutawa, sai ta mayar wa fiyano ta ce ya kaɗa. Nauyin duk yana kan fiyanon, kwamfuta tana hutawa. Na danna, sauti ya fito nan take. Na yi ihun da sai da mahaifiyata ta leƙo ta ga ko wuta ce ta ja ni.

Ranar Lahadi bayan la'asar abokina ya zo cikin sabuwar shadda, kamar mai zuwa ɗaukar hoto. Ya rera waƙar, na bi shi da ganga. Manhajar tana da wani maɓalli da ke daidaita bugu, ya sa kowanne a kan layinsa cif. Na danna shi cike da alfahari, na kunna masa. Ya saurara, ya ɗauko waƙa, ya tsaya. Ya sake ɗaukowa, ya sake tsayawa.

"Injiniya, ka yi haƙuri, wannan ai injin naɗe biskit ne. Ina jinsa sai in ji kamar ana jirana in ɗauki katan."

Muka fashe da dariya, don gaskiya ya faɗa. Na kashe maɓallin, na nuna masa inda muryar kalangu take a ƙaramin fiyanon, na ce ya buga da kansa yadda ake yi a garinsu. Da yatsu biyu ya yi ta ƙwanƙwasa, yana rausaya kai, manhajar tana rubutawa da duk ɗan jinkirinsa da saurinsa. Ni kuma na ɗora garaya da sarewa a kai. Da aka kunna gaba ɗaya, sai da tsigar jikina ta tashi.

Matsala ɗaya, 'yar manhajar ba ta ɗaukar murya. Sai muka bar kwamfuta tana kaɗa fiyanon biyu ta lasifika, muka rataye wayata a ƙusar bango, ya tsaya gabanta ya waƙe. Yana kaiwa inda yake gode wa matarsa kan haƙurin da ta yi, muryarsa ta karye. A daidai nan mahaifiyata, wadda ashe tana tsaye bakin ƙofa, ta rangaɗa guɗa. Na ce mu sake ɗauka. Ya ce wallahi ba za a taɓa ba, haka zai tafi da ita.

Ranar suna ina bakin aiki ya kira ni. Ina ɗauka, sai kawai ya ɗaga wayar sama. Na ji kiɗan ɗakina yana tashi a wani ƙauye da ban taɓa zuwa ba, mata suna amshi suna tafi. Na tsaya a bayan sito da hular aiki a kaina ina ta murmushi ni kaɗai.

Yanzu ina da kwamfuta mai ƙarfi, kuma babbar manhajar nan da ta kusa kashe tsohuwar ita nake amfani da ita. Da yawanku kuna tambayata wacce ta fi kyau. Ni dai abin da na gani shi ne, ban iya zaɓa ba sai da aka samu mutumin da ke jiran waƙa. Ka duba abin da kwamfutarka za ta iya ɗauka, ka sa, ka fara kiɗa.

Abokina ya koma gida tuni, yana noma, muna gaisawa. Kwanakin baya sai ga saƙon murya daga lambarsa, amma ba shi ba ne. Yarinyar ce, ta shiga makaranta har ta yi baki. Bayan ta gaishe ni da ladabi sai ta ce, "Baba Injiniya, don Allah a sake mini wata waƙar. Waccan an ce ina da kumatu kamar alkaki, yanzu duk 'yan ajinmu haka suke kirana."

Na ce mata ta turo babanta.