Buhun Shinkafar da Alƙali Siddiƙu Ya Mayar

Duk wanda ya bi ta bayan kasuwar Gwandu da la'asar zai ga wani dattijo siriri zaune a gindin darbejiya, rawaninsa fes, ba ya shiga hirar kowa. Alƙali Siddiƙu ke nan. Ya yi ritaya, amma har yau in ka gaishe shi sai ya ɗan yi jim, kamar gaisuwar ma sai an kawo shaidu.

Ba daga sama ya faɗo kan kujerar ba. Uwarsa ta rasu yana rarrafe, yayarsa Jummai ce ta goye shi, da aka kai ta gidan miji a Wurogauri ma da shi ta tafi. Ita ta tura shi karatu Sakkwato. Ya dawo ya koyar da Arabiyya a firamaren Diggi, ya shiga kotu a matsayin magatakarda, ya yi mufti, wato mataimakin alƙali, har furfura ta fara leƙowa, sannan aka ba shi alƙalanci a Kalgo. Ni maƙwabcinsa ne, kuma ban taɓa jin ko ƙwayar goro ta shiga aljihunsa daga mai ƙara ba. Wani lokaci har haushi yake ba ni.

Da mijin Jummai ya rasu, ƙannensa suka ce fadamar da take nomawa ta gidansu ce. Ƙara ta faɗo kotun Siddiƙu. Bai ko saurare ta ba, ya tura ta wata kotu, kamar yadda ya dace. Ya kuma ɗauke ƙafa daga Wurogauri, don kada a ce yana kitsa mata magana.

Kaka ta yi. Jummai ta sa aka kai masa buhun sabuwar shinkafa, yadda ta saba kowace shekara, don a gidanta ba a taɓa sabon amfani sai ƙanenta ya ɗanɗana. Shi kuwa da ya ga buhun, gonar da ake shari'a a kanta kawai ya gani. Da ya ɗauka da kansa ya je ya yi mata bayani, da magana ta mutu. Sai ya ɗora wa Lawali, masinjan kotu, a bayan babur, da rana tsaka. Lawali ya ratsa gari da kakinsa, ya sauke buhun a ƙofar gidanta, mata na kallo daga bakin rijiya, ya ce, “Alƙali ya ce ba ya amsa.”

A wajenmu ba a mayar da abinci sai ga wanda ake tsoron sammunsa. Na faɗa masa haka a ranar. Ya ce, “Adda Jummai ta san ni, za ta gane.” Ni dai raina ya ɓaci, na tashi na bar shi.

Shari'a ta ja, daga baya Jummai ta yi nasara da shaidunta. Washegari Siddiƙu ya sa sabuwar riga, ya ce in raka shi gidanta. A hanya yana ta fara'a, abin da ban saba gani ba.

Muka yi sallama. Ya sa kai zai wuce cikin gida, sai jikarta Zulai ta tare shi, ta ce an yi mana shimfiɗa a zaure. Zaure, inda ake ajiye baƙin maza. Ya zauna a hankali. Can Jummai ta zo, ta tsaya a bayan asabari, ta durƙusa.

“Allah shi gafarta Malam. An zo lahiya?”

“Adda, ni ne fa.”

“Na sani, ranka shi daɗe. Akwai sauran magana ga kotu?”

Ya ce babu. Sai ya fara bayani a kan doka da amanar kujera. Ta saurara har ya gama, ba ta katse shi ba.

“Gaskiya taka ta,” in ji ta. “Da na so in kawo ruwa, sai dai ban san ko Alƙali na amsa ba.”

Shekara na zagayowa ta rasu. Ranar ce ya sake shiga ɗakinta, don a fito da ita.