Bustar Kanta a tashar Madarunfa

Kanta mutumin wani ƙauye ne kusa da Gabi. Gidansu arna ne, kuma bai bar addinin iyayensa ba, ko da yake shekararsa ashirin da uku yana cikin direbobi musulmi a tashar Madarunfa. Ni ke rubuta layin motoci a wannan tasha, don haka abin da zan faɗa a kansa mafi yawa a gabana aka yi shi.

Dokar tasharmu guda ce: motar da layinta ya zo, aka cika ta, ta ƙi tashi, sai a sauke fasinja a ba ta gaba, ita kuma ta koma ƙarshe. A kan wannan doka Kanta ke cin abinci. Yana da babban batir na kamiyo, wato babbar motar kaya, a cikin baro, da wayoyi biyu masu kauri. Idan mota ta ƙi tashi sai ya turo baron, ya kankare kan batirin direba da wuƙa, ya duba ruwansa, ya haɗa wayoyin, ya bar su kamar rubu'in awa yana hira kafin ya ce a murza makulli. Duk direban da aka tayar wa mota haka ya san batirinsa ba lafiya. Ba ya kashe mota a hanya, in kuma dole ne sai ya nemi gangara.

A damanar 2022 bayan Kanta ya fara ciwo, har turin baron ya gagare shi. Ya sayar da awaki biyu ya tafi Ɗan Issa wurin surukinsa Hamza, mijin ƴarsa Delu, wanda ke sayar da kayan mota. Hamza ya ajiye masa abu biyu a kan tebur, ya ce kuɗin ɗaya kawai zai saya. Na farko sharjer ne, wanda ake jona wa kuran, wato wutar lantarki, ya cika batir a hankali cikin awa goma ko fiye. Na biyu bustar, ƙaramin akwati da ake ɗauka da hannu ɗaya, yana tayar da mota nan take. Hamza ya yi masa bayanin bambancinsu, amma daga baya ya ce mini ya lura tsohon bustar kaɗai yake kallo.

Kafin ya saya, Kanta ya dawo ya tambaye ni motocin da suka fi ƙin tashi. Na duba littafin wata shida. Cikin motoci goma sha ɗaya, huɗu ne ke maimaitawa, kuma ta wani direba Ɗanlami ce kan gaba. Na ce masa waɗannan huɗun cikawa suke buƙata, sharjer ne maganinsu. Ya tambaya ko akwai kuran a rumfar tasha, na ce babu, sai dai ya ajiye shi a wani gida cikin gari ya zauna kusa da shi.

"To, Malam, abin da zai zaunar da ni cikin gida ba na so," in ji shi. "Ni ɗan tasha ne."

Ya sayo bustar. Watan farko direbobi sun yaba. Ba kankara, ba jira; ya maƙala, a murza, mota ta tashi. Ɗanlami, wanda ba ya barin tsokana, ya riƙa cewa Baba Kanta ya sa bokan ƙauyensu cikin akwati. Kanta ya ce boka ne da ya fi ƙarfin motar da ta girmi mai ita. Amma ganin yadda inji ke tashi da ƙarfi, Kanta ya ɗauka a ransa cewa akwatin zuba wuta yake cikin batir, kamar yadda ake zuba mai a tanki. Haka kuma yake gaya wa direbobi: ya cika, a tafi.

Ranar 14 ga Oktoba Ɗanlami ya ɗauki mata bakwai da kwandunan ɗanyen kifin tafki zuwa garin Sarkin Yamma. Kanta ya tayar masa da ƙarfe goma sha ɗaya, ya ce ya cika. Da azahar ta yi Ɗanlami ya tsaya salla a wani fili mai rairayi, ya kashe mota, abin da bai taɓa yi ba a zamanin baro. Motar ba ta sake tashi ba. Turi bai yiwu ba cikin rairayi da kaya, kuma motar da za ta taimaka ba ta zo ba sai bayan la'asar. Kifin ya lalace. Inde, babbar masu kifin, ta kawo ƙara tasha washegari da kwando ɗaya a ka don kowa ya ji warinsa.

Alhaji Faruk, shugaban sandika, wato ƙungiyar direbobi, ya tara mutane a rumfa. Ɗanlami ya ce shi maganar dattijo ya bi. Wasu direbobi biyu suka ce a sallami Kanta, a kira makanike daga Maraɗi ya riƙe wurin. Aka tambayi Kanta. Bai yi gardama ba. Ya ce shi ya faɗi cewa batirin ya cika, kuma da ya faɗa ya yarda gaskiya ce. Aka kira Hamza a waya, aka ƙara murya kowa ya ji, ya maimaita abin da ya ce tun farko: bustar tayarwa kawai yake yi, batirin da ya mutu yana nan a mace.

Alhaji Faruk ya juya ga Ɗanlami. "Kai shekara nawa kana tuƙi? Batirinka ne, ba na Baba ba. Shi ya yi kuskuren baki, kai ka yi na hannu."

Ya yanke cewa Ɗanlami zai ɗauki kayan matan kyauta har sati huɗu, Kanta kuma zai ba su haƙuri. Sannan ya kafa sabuwar doka: motar da aka tayar da bustar sau biyu a jere ba za ta shiga layi ba sai an kai batirinta an cika, ko an sake shi. Maganar sallama, ya ce a ɗaga hannu. Biyu suka ɗaga. Ɗanlami bai ɗaga ba.

Dokar ta yi aiki. Kafin ƙarshen shekara uku daga cikin motocin huɗu sun sami sabon batir, ta huɗun an sayar da ita. Wani mai walda a bakin kasuwa, Hamisu, ya sayi sharjer, direbobi suka koma kai masa. Kanta, wanda da ake kira sau biyu ko uku a yini, yanzu wani satin ba a kiransa ko sau ɗaya. Delu ta aiko sau biyu ya koma wurinsu Ɗan Issa, ya ce a gaishe ta. Ba wanda ya sake tayar da zancen sallamarsa. Ƙarfe bakwai na safe yake zuwa, ya tashi da la'asar, kuma sandika ta sa sunansa cikin waɗanda ake ba shinkafa da ƙaramar salla.