Tasalla da Talotalo Mai Jan Zare

Duk wanda ya zauna a ƙauyukan da ke bayan Tudun Kaya a shekarun tamanin, in ka ce masa Tasalla mai talotalo, ba sai ka ƙara bayani ba. Gajeruwar mace ce mai saurin tafiya da saurin baki. Iyayenta Maguzawa ne na wajen Ruwan Bago, an haife ta ranar da maƙwabtansu ke Sallah, shi ya sa aka sa mata wannan suna. Ta girma ta auri Ilu, wani manomin gyaɗa, su biyu suka shiga addinin Kirista tare, sunan kuwa ya bi ta har cikin coci. In an zolaye ta a kan haka sai ta ce ita ce mai riba, don biki biyu ne suka san da zamanta.

Kiwon talotalo ta iya, kuma ba ƙaramar iyawa ba. Tsuntsu ne mai wuyar sha'ani, ɗan sanyi kaɗan ya kwanta, amma a hannun Tasalla sai ka gan su ɓul-ɓul suna taƙama a tsakar gida. Ba ta da rowar iri. Macen da ta nuna sha'awa, za ta ba ta ƙwai uku ko huɗu ta sa wa kazarta. Har Laure, matar Malam Sunusi mai makarantar allo da ke jikin dangarsu ta kara, ta taɓa karɓa.

Akwai tsuntsu ɗaya a kowace shekara da ba na sayarwa ba ne. Ga yadda abin ya samo asali. Ƙyanda ta ɗauke wa Tasalla 'ya'ya biyu, sannan ta dawo kan ta ukun, Zinariya, ana dab da Kirsimeti. Tasalla ta durƙusa a bakin akurki, don nan kukan ya ci ƙarfinta, ta yi wa Ubangiji alkawari: in yarinyar ta tashi, kowace shekara babban talotalonta nasa ne. Yarinya ta tashi. Tun daga nan, da an yi ƙyanƙyasa sai ta zaɓi namijin da ya fi ƙarfi ta ɗaura masa jan zare a ƙafa.

To amma ta ina za a miƙa wa Ubangiji nama? Tasalla ta yanke wa kanta hukunci ba tare da ta tambayi fasto ba. Ta ce wanda aka haifa ranar Kirsimeti ya ce abin da ka ba maƙwabcinka shi ka ba, saboda haka maƙwabta za su ci. Kuma don Musulmi su ci hankali kwance, Malam Sunusi ne ke yanka da safiyar ranar. Kwanukanta ba sa isa, sai matan unguwa suka ɗauki al'adar aiko da nasu tun ana saura kwana biyu. Kowace ta wanke langarta ta kife a ƙofar ɗakin Tasalla, ranar biki ta koma mata cike da shinkafa da miya da yankan nama a kai.

Shekara goma sha uku ana haka, sai aka shiga 1992. Shekara ce da komai ya yi tsada, amma Kirsimeti ya zo da kwalliyar da ƙauyen bai saba gani ba. 'Yan ci-rani sun dawo daga Kano da Kaduna da labarin yadda ake yi a birni. Zumuntar mata ta cocin su Tasalla ta fitar da anko, atamfa mai ruwan ganye, kuma shugabarsu Saude ta ce kowace mace ta yi ƙoƙari, don ranar za su fito gaba su yi waƙa. Tasalla ce mai ba da waƙar, sauran su amsa.

A daidai wannan lokaci ciwon kaji ya shigo mata gida. Cikin mako biyu akurki ya zama kango. Ba wanda ya tsira sai mai jan zare, yana yawo shi kaɗai yana hura wuya kamar ba abin da ya faru. Gyaɗar Ilu kuwa ba ta yi ba, bare ta ce ya taimaka.

Tasalla ba ta jin tsoron yunwa, ta san ta. Kunya take tsoro. Ta riƙa hango kanta a gaban jama'a, mata talatin sun yi kore shar, ita kaɗai a tsakiya da tsohon zanenta da wanki ya cinye wa launi. Abin ya tsaya mata a rai.

Ana saura kwana biyu kasuwa ta ci. Akwai wani Hammawa, ɗan kasuwa da ke kawo atamfa daga Kano a irin wannan lokaci ya koma da kaji da talotalo, kuma ya daɗe da sa ido a kan tsuntsun. Tasalla ta saka mai jan zare a kwando, ta gaya wa kanta cewa Ubangiji ya ga halin da ake ciki, baɗi za ta ba shi biyu. Hammawa ya ɗaga tsuntsun ya ji nauyi, bakinsa ya ƙi rufuwa.

Ya ce, "Inna, yau kin tuna da ni. Ga ankonku nan, turmi guda, ki ɗauka mu rabu lafiya."

Ta ɗauka. Gaskiya atamfar ta yi kyau, har ta tsaya sau biyu a hanya tana buɗewa tana shinshina ƙamshin sabunta. Da la'asar ta shigo gida da murnarta, sai ta yi turus.

Kwanuka ne a ƙofar ɗakinta, an wanke an kife, an jera su tsaf. Ta san kowanne da mai shi. Ga langar Laure mai murfin da ya lotsa. Ga ɗan kwanon tsohuwar nan makauniya ta ƙarshen unguwa, wadda a shekara sau biyu take cin nama, da Layya da ranar Tasalla. Duk sun san ciwo ya share mata akurki, amma sun ga mai jan zare yana raye, kuma ba wadda ta kawo a ranta cewa Tasalla za ta taɓa shi.

Laure ta leƙo ta saman danga ta ce, "Yaya Tasalla, sannu da dawowa. Malam ya ce a gaya miki ya wasa wuƙa."

Kunyar da ta kama Tasalla a nan ta shafe wadda ta yi makonni tana tsoro. Ko ruwa ba ta sha ba. Ta maƙale atamfar a hammata ta juya, tafiyar fiye da awa guda, rabi da sauri rabi da gudu. Ta tarar ana ɗaure kwanduna a saman mota.

Ta ce, "Alhaji, sauko min da tsuntsuna. Ga kayanka, almakashi bai taɓa su ba."

Hammawa ya ɓata rai. "Haba Inna, ciniki ya faɗa. Wasan yara muke yi?"

"Laifina ne, ba naka ba. Na sayar maka da abin da ba nawa ba ne. Dubi ƙafarsa, alkawari ne na yi wa Allah."

Hammawa ya yi mita har ya gaji, ya ce mutanen ƙauye za su kashe shi da hawan jini. Amma da ya ga jan zaren sai ya sa aka sauko da kwandon. Ya ce shi ba zai hau hanyar Kano da kayan alkawari a saman mota ba.

Da safiyar Kirsimeti Malam Sunusi ya yanka tsuntsun kamar kullum. Da ya gama sai ya kwance zaren ya miƙa mata, ya ce ta ajiye na baɗi ne. Ta ce, "Malam, ai iri ya ƙare." Ya ce ta dai ajiye. Ta ƙulle shi a bakin zanenta.

A coci abin da ta hango shi ya faru. Mata sun yi kore shar, ita kaɗai da koɗaɗɗen zane, kuma an kalle ta, har da masu raɗa. Ta nemi benci na baya ta laɓe. Saude ce ta tako har can ta kamo hannunta ta ce, "Taso, Tasalla. Atamfa ba ta iya ba da waƙa." Ta fito gaba. Fasto ya gama ba da labarin jaririn da aka kwantar a komin dabbobi don iyayensa ba su sami masauki ba, kuma ranar ce ta fara jin labarin ya shafe ta ita da kanta. Ta damƙe ƙullin nan na bakin zane, ta ɗaga murya, mata suka amsa.

Bayan an tashi, kwanuka suka koma gidajensu a cike. Zinariya, wadda ta zama budurwa, ita ta kai wa makauniya nata.

Bayan kwana uku Laure ta yi sallama da kwando a ka. Macen talotalo ce babba a ciki, da ɗan namiji wanda bai gama fitar da gashi ba, jikokin ƙwan nan da ta karɓa shekarun baya. Ta ce, "Irinki ne, ya dawo gida."

Tasalla ta karɓi kwandon ta sauke. Ta zauna a ƙasa hawaye na zuba, ta kwance bakin zanenta. Kafin ma ta ba tsuntsayen ruwa, ta kamo ƙafar ɗan namijin ta ɗaura masa jan zaren.